Layin Tsakiya

Ni tayil nake sayarwa, da simintin manna shi, da 'yan kayan aikin da masu shimfiɗa shi ke bukata. Shagona yana bakin titi, da benci ɗaya a gabansa. Ban taɓa gayyatar kowa ya zauna a bencin nan ba, kuma ban taɓa ganinsa babu kowa ba. A kansa na san Tsaf.

Ya samu sunan ne daga bakinsa. Ya aiki? Tsaf. Ya iyali? Tsaf. Ranar da injin yanka ya ɗebe masa kan ɗan yatsa, aka tambaye shi ya hannu, haka ya ce, jini yana ɗiga a kan takalminsa. Gajere ne, mai kauri, gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi. Ba ya shiga ɗaki ya kalli mutane sai ya fara kallon ƙasa. Mun taɓa zuwa dubiya asibiti tare, ina yi wa marar lafiya sannu, na waiwaya na gan shi tsugune yana ƙwanƙwasa tayil da makulli, wai yana jin wanda ke da rami a ƙarƙashi. Ya samu guda uku, ya kuma faɗa wa marar lafiyar, kamar shi ya aike shi.

Mahaifinsa direban babbar mota ne. Da ya ga karatu ya ƙi shiga, sai ya kai shi wurin wani tsohon mai shimfiɗa tayil ya ce ga shi nan, a yi abin da za a iya da shi. A can ya tarar da wani ɗan koyo da ya girme shi kaɗan, dogo, marar magana, wanda ke aiki da hannun hagu. Shi ne Bahago. Ba a ba da labarin Tsaf ba tare da shi ba, ko an so.

Maigidansu ya fara jera su gefe da gefe, kamar yadda ake yi wa 'yan koyo. Amma wannan da dama yake riƙe cokalin gini, wancan da hagu, sai gwiwar hannu ta riƙa karo da gwiwar hannu. Siminti ya zube, tayil ya karkace, faɗa ya tashi. Wata rana tsohon ya gaji, ya kama kunnen kowa, ya kai Tsaf bangon dama, ya kai Bahago bangon hagu, ya ce kowa ya taho daga can, in sun haɗu a tsakiya su kashe juna ya huta.

Wanda ya san aikin ya san wannan horo ne, ba koyarwa ba. Mai hankali daga tsakiyar ɗaki yake farawa ya nufi bango, domin duk kuskuren da ya taru ya ƙare a lungu, a yanke tayil a ɓoye shi inda kujera za ta rufe. In ka taho daga bango biyu, kuskuren a tsakiya zai taru, inda kowa ke takawa. Su ma haka aka yi da fari, suka sha zagi. Amma taurin kai ya hana su bari. Suka koyi ja igiya tare, su auna tare, su yi shawara da ido kawai, har ta kai in sun taho sun haɗu, abin da ke saura tsakaninsu layi ɗaya ne daga bangon ciki zuwa bakin ƙofa, faɗin tayil ɗaya daidai. Wannan layi tare suke yinsa. Bahago ya shafa siminti, Tsaf ya ɗora tayil, suna ja da baya a kan gwiwa har su fita ƙofa. Tayil ya faɗa gurbinsa ba a yanke ko ƙwaya ba.

Da wannan aka san su fiye da shekara ashirin. A cikin shekarun Tsaf ya auri ƙanwar Bahago, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makaranta, kowa yana ce mata Malama. Suka haifi yara huɗu. Bahago yakan ce ya ba shi ƙanwa ne don ya ga babu wadda za ta ɗauki mutumin da ke gaida ƙasa kafin ya gaida suruki. Tsaf yakan ce ai taimako ya yi, ya rage musu mai surutu a gida. Babur ɗaya suke hawa zuwa aiki, Bahago a gaba saboda tsawon ƙafa. A shagona kuwa su ne mafi ƙarancin amfani wajen faifan yanka, wanda ake ɗaura wa injin yanka tayil. Sauran masu aiki kullum suna saye, su sai in manta yaushe rabonsu.

Abin da ya canza ba daga wurinsu ya fara ba. Da can mai gida ke neman mai aiki ta bakin maƙwabci. Sai manyan ayyuka suka koma hannun 'yan kwangila da injiniyoyi matasa, waɗanda ba sa tambayar wa ya san ka, sai dai ina za a ga aikinka. Wani injiniya ya yi wa Tsaf wannan tambaya a gabana. Tsaf ya fara kwatance, ka bi titin nan, ka wuce gidan mai, akwai wani gida mai baƙin ƙyaure, ka ce a nuna maka falo. Injiniyan ya yi murmushi, ya ce zai kira. Aikin ya tafi hannun wani mai shimfiɗa da na san aikinsa sarai, domin sau biyu ana dawowa sayen tayil a maye gurbin wanda ya ɗaga. Amma yana da shafi a intanet, da hotuna masu sheƙi, da hotonsa sanye da hular kwano.

Abin ya ci Tsaf. Kwana da kwanaki in an ce ya aiki sai ya ce da godiya.

Malama ce ta ce abin ba wuya ba ne, ita za ta gina musu shafin, gani ya kori ji. Kuma a faɗi gaskiya, su biyun ta nufa. Ta sami yayanta ta yi masa bayani. Bahago ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne da zai manna fuskarsa a inda duniya za ta gani, aiki shi ke kiran mai shi. Wayarsa ma irin mai maɓallai ce, an ɗaure ta da roba. Ta sake gwadawa, ya ce mata ta yi wa mijinta, shi ne mai son a san shi. Da dariya ya faɗa, kuma da dariya aka ɗauka.

Nan fa Tsaf ya samu sabon aiki. Malama ta ce shafi ba ya tsayuwa sai da hotuna, shi kuwa bai taɓa ɗaukar hoton aikinsa ba. Sai ya ari wayarta ya bi tsofaffin gidajen da suka yi wa aiki, yana sallama yana roƙon a bar shi ya ɗauki hoton ƙasa. Wasu suka ɗauka zautuwa ce. Wata mata ta sa shi ya naɗe kafet, ya fitar da kujeru, ya share, ya goge, ya ɗauka, ya mayar da komai, sannan ta ce tunda ya zo ya duba mata famfon bayi. Wani gidan ya tarar an sayar, sabon mai gida ya fasa tayil ɗin ya sa wani. Ya dawo shago ya zauna kamar wanda ya dawo daga ta'aziyya.

Hoton fuskarsa ma an sha daru. Malama ta ce ya yi murmushi, ya ce ba ya murmushi ba dalili. Ta ce ya kalli waya, idonsa ya koma ƙasa. Wajen rubuta tarihinsa ta tambaye shi me ya bambanta shi da sauran masu aiki, ya ce ba ya barin rami. Ta ce a ƙara wani abu, ya ce ba ya makara. A haka aka bar shi, kuma ni a ganina ya fi na masu dogon bayani.

Sai aka zo kan hotunan. Ya tsaya bayanta tana jera su a kwamfuta, ya ga falon wani gida ya cika fuskar na'urar, bango zuwa bango, sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Ya ce ta dakata. Ya tambaya ko ana iya yanke hoto. Ta ce ana yi. Ya sa yatsa ya nuna mata inda za ta bi, ya ce duk abin da ke hagu ta cire.

Ta ce masa ɗakin ya fi kyau a cike. Ya ce ya sani, amma rabin nan ba shi ya yi ba. Shafin da sunansa yake, mai aikin ya ce ba ya so a sa shi, to shi ba zai ɗora sunansa a kan gumin wani ba, ko da na surukinsa ne. Ta ce Yaya ba zai damu ba. Ya ce shi zai damu. Ta tambaye shi layin tsakiya fa, ya ce shi ma a cire, tunda ba nasa shi kaɗai ba ne.

Ni na san mutumin nan. Ko tayil ɗaya ya ragu a kwali sai ya mayar wa mai gida. Babu ƙeta a zuciyarsa ko ƙwayar zarra, gaskiya ce ta yi masa yawa har ta rufe masa ido. Haka aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana nunawa tana yankewa, kuma bai taɓa kuskuren layi ba, domin ya san kowane tayil da hannunsa ya ɗora. Shafin ya fito kowane ɗaki rabi, dogaye sirara. Abokan aikin Malama suka ce salo ne mai kyau, ya dace da waya.

Tsaf da kansa ya kawo wa Bahago shafin. Ina cikin shago ina jin su, suna kan benci da hantsi. Ya miƙa masa wayar yana washe baki, abin da ba a saba gani ba. Bahago ya riƙe ta nesa da ido, ya yi dariyar hoton fuskar, ya ce kamar wanda aka kama da kayan sata. Sannan ya gangara kan ɗakunan. Ya gane na farko, ya faɗi gidan. Ya gane na biyu. A na uku ya sa yatsa yana jan hoton gefe, yana son ya ga ɗaya ɓangaren. Hoton ya ƙi tafiya. Ya gwada a na huɗu. Daga nan ya daina faɗin gidajen, amma ya bi su duka har ƙarshe, a hankali.

"Almakashinka da kaifi," ya ce. "Ko tayil ɗaya bai ci nawa ba."

"Ai na kula sosai," in ji Tsaf, yana jin an yaba masa.

"Na gani. Layin tsakiya fa?"

"Ba nawa ni kaɗai ba ne."

Bahago ya gyaɗa kai, ya miƙa masa wayar, ya ce Allah ya sa albarka. Ya tambaye ni ko farin siminti ya iso, na ce sai jibi. Ya tashi ya ce zai leƙa wani wuri.

Wani zai ce ai shi ya ƙi a sa shi, me kuma yake so? Haka ne. Amma ƙin a sa fuskarka daban, ganin an bi aikin shekara ashirin layi-layi an zare ka daga ciki daban. Shi Bahago abin da ya gani, mutumin da yake zaton ba su da nawa da naka ashe ya san iyakar nasa a kowane ɗaki, bai manta ko ɗaya ba. Tsaf kuma yana ganin amana ya riƙe. An ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, to a wurin Bahago ya zama. Malama ta gane tun ranar, domin yayanta ya daina biyowa ta gidan ya ɗauki yara a babur. Ta ce wa mijinta a mayar da hotunan yadda suke. Ya ce in akwai magana Bahago zai faɗa, bai taɓa ɓoye masa komai ba. Bahago kuwa bai faɗa ba. Suka ci gaba da ƙananan ayyuka, kowa a bangonsa, sai dai hira ta ragu.

Shafin ya yi aikinsa, wannan ba a musu. Waya ta fara shigowa daga mutanen da ba su san kowa nasa ba. Ba a daɗe ba wata 'yar kwangila ta kira, tana gina wani asibiti mai zaman kansa, tana son a shimfiɗa babban zauren jira. Ta ce ta ga layukansa a miƙe suke kamar an ja da zare. Shi ne aiki mafi girma da ya taɓa zuwa musu. A wurina aka ɗauki tayil, fari mai faɗi, ni na bi motar na kai, kuma na riƙa komawa saboda ana kai shi kashi-kashi.

Da Tsaf matar take magana, shi ta sani. Ranar farko ta nuna Bahago ta tambaya ko yaronsa ne. Tsaf ya ce a'a, tare suke, surukinsa ne, ya ma riga shi fara aikin. Ta ce madalla, ta juya ta ci gaba da yi wa Tsaf bayani. Bahago ya ɗauki igiya ya ce, "Maigida, daga ina za a ja?" Tsaf ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta kullum.

Suka ja igiya, suka auna, kowa ya tafi bangonsa. Zauren yana da faɗi, daga wannan bango sai ka ɗaga murya na wancan zai ji ka, su kuwa ba su ɗaga ba. Na ga aikin Bahago da yawa, ban taɓa ganin ya yi kamar wannan ba. Kowane tayil sai ya ɗora ma'aunin ruwa ya ga ya daidaita, ya shafa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa. Leburori suna ta gunaguni wai yana ɓata lokaci. Kullum tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa.

Ranar da na kai kashin ƙarshe, da la'asar, na tarar saura layi ɗaya, daga bangon ciki zuwa babbar ƙofa. Tsaf yana kwaɓa siminti da kansa, domin na layin tsakiya ba ya bari lebura ya taɓa. Bahago yana bakin famfo yana wanke cokalinsa. Ya wanke gudumar roba, ya goge ma'auni, ya naɗe igiya, ya zuba komai a jaka ya rataya.

"Siminti ya haɗu," in ji Tsaf.

"Nawa ya ƙare," in ji Bahago. "Ka duba, in akwai rami ka aiko."

"Tsakiya fa?"

"Ka yi shi kai kaɗai, sai ya shiga hoto."

Bai ɗaga murya ba, kuma babu fushi a fuskarsa. Ya yi mini sallama, ya ce a gaida gida, ya fita ta gefen bango don kada ya taka sabon aiki. Muka ji babur ya tashi.

Tsaf ya tsaya da cokali a hannu. Na ɗauka zai bi shi, bai bi ba. Ya zauna a kan kwalin tayil yana kallon ƙofa har simintin ya fara ɗaurewa, lebura ya ce masa, maigida, simintin zai lalace. Ya ce a zubar. Ya ce wataƙila Bahago ya je zuba wa babur mai ne. Aka zauna. Da rana ta yi sanyi matar ta zo ta ce gobe masu fenti za su shigo, ba ta son ganin rami a tsakiyar zaurenta. Sai ya kwaɓa wani, ya durƙusa a bangon ciki, ya shafa da kansa, ya ajiye cokali, ya ɗora tayil, ya sake ɗaukar cokali. Ni na riƙa miƙa masa, don na ga abin ba daɗin kallo. Tun daga ciki har bakin ƙofa kowane tayil ya faɗa gurbinsa, ba a kunna injin yanka ba. Da ya ɗora na ƙarshe wani lebura ya tambaye shi ya aiki, bai ce masa tsaf ba.

Ya tashi ya ɗauki hoton zauren gaba ɗaya, bango zuwa bango. Shi ne a saman shafin har yau, kuma Malama ta mayar da sauran hotunan cikakku, da sunan yayanta a ƙarƙashin kowanne. An faɗa wa Bahago. Ya ce ya gode, wayarsa ba ta nuna hoto. Tsaf ya je gidansa, ya aika Malama, ya aiko ni ma, na je na faɗi abin da aka aike ni. Bahago ya saurara, ya ce babu komai tsakaninsu sai alheri, gwiwa ce ta gaji. Amma yana nan yana shimfiɗa ƙananan ɗakuna da bayi shi kaɗai a bayan gari, gwiwar ba ta hana ba. In sun haɗu a sha'anin dangi suna gaisawa, su tambayi yara.

Yanzu Tsaf yana da mota, da ma'aikata, da hular kwano. Aiki har yana mayarwa. Kowa ya ce masa ya koma farawa daga tsakiya kamar sauran mutane, ya ƙi. Har yau bangon dama yake durƙusawa, ya tura wani bangon hagu. Ya gwada masu aiki da dama, wasunsu ƙwararru ne, babu wanda suka haɗu daidai. Kullum layin tsakiya sai an yanka.

Faifan yanka a kwali yake saye yanzu. In ya zo ba ya zama a benci, yana tsaye zan miƙa masa.